Yadda Tukwanena Sunka Shiga Siyasa

Ni ba ni da jam'iyya, kuma ban taɓa yi ba. Tun da anka fara kiranmu mu je mu dangwala yatsa ban taɓa fashin zaɓe ba, amma babu mahalukin da zai bugi ƙirji ya ce ga wanda na zaɓa. Ko marigayi maigidana, Allah ya jiƙan shi, ya yi tambaya har ya gaji. Na ce mishi, ka san abin da ke cikin rumbuna, ka san abin da ke cikin akwatina, wannan guda ka bar mini. Zanen kowa ban ɗaura ba. In an kawo mini atamfa mai hoton ɗan takara sai in yi godiya in ce a ba mai so, ni ba ni zama bisa fuskar ɗan wani.

A unguwarmu nan Tawa irina ba kaɗan ba ne. Ku da kunka san Adar kun sani, da an gama girbi maza sai su watse, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Kamaru. In zaɓe ya faɗo cikin rani, layi na mata ne da tsofaffi. 'Yan siyasa kuwa sun fi kowa sanin haka. Wadda ta riga ta ɗaura zanensu ba su ɓata takalmi a kanta. Mu da ba mu da rumfar jam'iyya, mu ake bi gida gida. Kuma mata da yawa ni suke kallo, su ga inda zan karkata. Ban taɓa ce wa ko guda ga wanda za ta zaɓa ba. Abin da ya sa suke kallona tukwane ne.

Manyan tukwanen dalma ne, gadonsu na yi wurin uwar mijina. Babbar cikinsu sai mutum biyu ke ɗaga ta. Kunnenta guda ya taɓa karyewa, maƙeri ya yi mata wani na baƙin ƙarfe, don haka ko daga nesa ka hango ta ka san ta. Babu gidan da tukwanen nan ba su shiga ba a unguwa. Har sunana ya ɓace, kowa Inna mai tukwane yake cewa.

Ka'idarsu biyu ce, haka na tarar. Duk wanda zai ciyar da jama'a ba a hana shi aro. Sannan tukunya ba ta zuwa gidan kowa sai an aiko. Biki ne, suna ne, walima ce, sai uwar gidan ta zo da bakinta ko ta turo. Gida guda kawai suke zuwa ba da aike ba, gidan da anka yi rasuwa. Da mun ji salati da kuka ba mu jiran kowa, sai mu ɗauka mu kai. Shi ya sa macen unguwarmu in ta ga tukwanena sun doshi wani gida ba ranar taro ba, ajiye abin hannunta take yi ta jawo mayafi. Maza ba su cika sanin wannan ba. Su dai tuwo suke gani cikin akushi.

Ina da ƙawa. Ni daga wajen Barmu anka kawo ni, ita daga Takanamat, shekara guda anka yi mana aure cikin garin nan, muna yara ba mu san kowa ba. A bakin rijiya munka haɗu, ta karɓi gugana ta ce ban iya ja ba. Tun daga nan. Gajeruwa ce, ga baki, tana sayar da cuku da man shanu. Ita ta riƙe ni a duk haihuwata, ni na riƙe ta a nata. Babban ɗanta a bayana ya yi rabin ƙuruciyarshi. Ya girma ya zama shi ke riƙe da rumfar 'yan siyasar da ke bakin kasuwa. Ɗaya rumfar kuwa, ta bakin tasha, ƙanen mijina ne babba a cikinta, tsohon direba, mai yawan dariya da ƙarancin tunani.

Shekarar da nake ba ku labari zaɓen shugaban ƙasa ya kai zagaye na biyu, saura mutum biyu. Gari ya yi zafi. Ɗan ƙawata ya zo mini da sukari da ganyen shayi, ya durƙusa ya daɗe yana kewaye-kewaye. Uwar tashi na zaune gefena tana tsinkar zogale. Ita ta katse shi.

“Kai, tashi ka ba mutane wuri. Wagga ba ta bin kowa. Da tana bin wani, kai da ka yi mata fitsari a baya za ta bi.”

Ya yi dariya ya tashi. Ni ma na yi dariya. Ban san maganar nan za ta zame mini ƙaya ba.

Ba a jima ba ƙanen mijina ya yi sallama da hantsi. Tsakanina da shi wasa ne tun ina amarya.

“Matata, an tashi lafiya? Har yanzu ba ki yarda a ɗaura mana ba?”

“Da wane haƙori za ka tauna goron ɗaurin auren? Faɗi abin da ya kawo ka.”

“Baƙi gare ni daga Tebaram, da yawa. Tukwane nake so.”

Na ce ya turo a ɗauka. Ban tambaye shi ko waɗanne irin baƙi ba ne, don ban taɓa tambayar mai aro ba. Kuma bai yi ƙarya ba, daga Tebaram ɗin suke. Cikin manyan motoci anka kwaso su don mitin ɗin da rumfar tasha ta shirya.

Washegari bayan azahar ina tankaɗen gari a tsakar gida, kiɗa na tashi daga tasha, ban kula ba. Sai na ji muryar maroƙi cikin amsa-kuwwa, tar kamar a bakin ƙofata.

“Jama'a ku dubi murhu! Ku dubi mai baƙin kunne! Tukwanen Inna na bisa wutarmu! Wadda ba ta taɓa bin kowa ba, yau ta biyo mu!”

Guɗa ta tashi. Rariya ta faɗi daga hannuna. Wallahi sai na ji kamar an tuɓe mini zane a tsakiyar kasuwa. Na miƙe, na ɗauki mayafi, na kai zaure, na tsaya. In na je can, idon gari ya gan ni a rumfarsu, magana ta tabbata. In na ce a sauke mini tukwanena da abinci a ciki alhali mutane na jin yunwa, na yi abin da uwar mijina ba ta taɓa yi ba. Na koma na zauna. Amsa-kuwwar nan har bakin kasuwa ake jin ta, na sani.

Da la'asar sakaliya anka dawo da su, da shinkafa da nama a ciki, ga turmin atamfa mai hoto an ɗora bisa murfi. Abincin na aika wa makafin bakin masallaci. Atamfar na mayar tun ba ta taɓa ƙasa ba. Amma babu maroƙin da ya shelanta na mayar.

Da gari ya waye unguwa ta canza mini. Wasu mata na yi mini barka da shigowa. Wasu na gaishe ni da gefen baki. Wata maƙwabciyata mai kirki ta ce, “Inna, tun da kin zaɓa mana ai mun huta da tunani.” Wannan ta fi tayar mini da hankali. Na bi gidaje ina cewa ban shiga ba, aro ne kawai. Sai su yi murmushi su ce, to Inna, mun ji. Ina juya baya su ce tsohuwa na ɓoyo ne don kunya.

Na tafi wurin ƙawata. Na tarar tana kaɗa nono. Da ta gan ni ta tashi ta ɗauko tabarmar baƙi, sabuwa, ta shimfiɗa mini. Ni da ke zama bisa turminta ko bakin gadonta. Ta shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina mutan gida, ina labarin na Abijan, ta ja ta kamar yau ta fara ganina.

Na ce, “Ƙawa, bar wannan. Kin san abin da ya kawo ni.”

“Na sani. Da kunnena na ji, ba wani ya ba ni labari ba.”

“Aro ya zo yi. Cewa ya yi baƙi gare shi.”

“A watan nan, mutumin rumfar tasha ya ce miki baƙi gare shi, ba ki tambaya ba? Ke da ke gane mai ciki tun ita ba ta sani ba?”

“Ni ban taɓa tambayar mai aro ko wa zai ci ba, ke ma shaida ce.”

“Yaron nan jiya bai ci tuwo ba. Dariya anka yi mishi a rumfarshi, anka ce wadda ta goya ka ta koma tasha. Ni kuma da bakina na kore shi daga gabanki, na ce ba ki bin kowa. Kin mai da ni maƙaryaciya gaban ɗana.”

Da na yi shiru na bar ta ta huce, da wataƙila a nan ta ƙare. Amma raina ya ɓaci da ta zaci zan iya yi mata haka. Na ce in shekarun da munka yi tare ba su isa ta yarda da maganata ba, to ba ni da abin ƙarawa. Na naɗe mata tabarmarta na jingine, na fita. Ba ta rako ni ba.

Ana cikin haka matar ɗan nata ta haihu, tun cikin bai isa ba. Namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi. Labari a bakin famfo na ji shi, ni da ake bugo wa ƙofa tun naƙuda na farawa. Duk da haka na je barka. Ɗaki cike da mata. Anka buɗe mini zanen kaɗan na gan shi, fata kamar ta ɗan tsako, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Ba a miƙo mini shi ba. Wata ta tambayi ƙawata shirin suna, ta amsa tana kallon bango.

“Bana ba mu wahal da kowa. Tukwanen haya za mu ɗauko kasuwa.”

Mata sunka dubi juna. Kowa ya san duk ɗan da anka haifa a gidan nan a tukwanena anka tuƙa tuwon sunanshi, har shi uban jaririn. Na yi addu'a na fito. Kafin in kai gida maganar ta riga ni.

Kwanakin nan ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Na fito da tukwanen na wanke su da toka da yashi, alhali a wanke suke. Duk sallamar da anka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi, in ce ga aike. Sai ya zama mai tallan itace ne, ko mai neman garwashi. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Ina sauraron sallama da kunne guda, ɗaya kunnen yana can wajen gidansu yana sauraron kuka. Yaron nan kowa ya gan shi. Na san in ba a aiko ba, hanya guda ta rage wa tukwanena su shiga gidan ƙawata, kuma ita ce nake roƙon Allah ya toshe. Ko akuya ta yi kuka daga wannan ɓangaren sai in saki abin da nake yi.

Ƙanen mijina ya zo, yau babu wasa a bakinshi, hula a hannu.

“Yaya, wallahi ba ni na sa maroƙin nan ba. Shi ya ga tukunya ya ɗauka.”

“Atamfar fa? Ita ma maroƙi ya ɗora ta?”

Ya sosa ƙeya. “Yara ne.”

“Kai ne babban yaron. Ka raba ni da wadda ta fi mini kai da rumfarka da mai hoton naku.”

“Ni zan gyara.”

“Kada ka gyara komi. Ka ji ni? Abin da ka yi ya isa.”

Ya ce ya ji. Ashe bai ji ba.

Ranar da jaririn ya kwana huɗu na tafi likita da safe a duba mini gwiwa. Da na dawo na shiga tsakar gida, inda tukwane ke kife sai sawunsu a ƙasa. Matar ɗana da ke zaune tare da ni, mijinta na Abijan, 'yar Maradi ce, ba ta daɗe cikinmu ba. Tana ta fara'a.

“Inna, Baba na rumfar tasha ya zo da amalanken jaki ya kwashe su. Ya ce gidan ƙawarki zai kai, a yi sulhu. Ni na kama mishi babbar.”

“An aiko?”

“A'a, cewa ya yi ba sai an aiko ba, ba-zata zai yi musu.”

Ban san sa'ar da na fita ba. Gwiwar da anka ce in huta da ita, da ita na yi gudu. Takalmi guda ya tsinke, na yar da ɗayan. Unguwa duk ta san mun ɓata, ta san an ce ba za a aiko ba, ta san suna da saura, ta san halin da yaron ke ciki. Mi kuke zato za su ce in sun ga mai baƙin kunne bisa amalanke ta doshi gidan?

Tun kafin in sha kwana na fara cim musu. Mata na fitowa daga gidaje suna yafa mayafi, suna inna lillahi. Wata ta kamo hannuna.

“Inna, jaririn ne ko uwar?”

“Ba kowa! Ku koma! Ba kowa!”

Numfashi bai bar ni na faɗa da ƙarfi ba. Ganina a guje babu takalmi ma sai ya ƙara tabbatar musu.

Na iso ƙofar gidan. Amalanke na tsaye, jaki na kaɗa kunne, ƙanen mijina na gefe riƙe da ƙullin goro, murmushi ya bushe a fuskarshi, yana duban matan da sunka kewaye shi suna salati bai san dalili ba. Wasu sun riga sun shiga ciki da kuka. Mai jego na ɗakinta, jaririn kuwa an kai shi ɗakin kakarshi don ta samu barci. Ta farka ta ji salati a tsakar gida, ta duba gefenta babu ɗa. Ihun da yarinyar nan ta yi, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Sai ga uban jaririn bisa babur daga rumfar kasuwa, samari na bin shi a guje. Wani ya kai mishi labarin ɗanshi ya koma. Ya diro, ido jajur, ya tarar da mutumin rumfar tasha a ƙofar gidanshi da tukwanen makoki. Wata ta ce mishi yaro na nan da rai, ba a san wanda ya kawo zancen ba. Ya juya ya shaƙi wuyan rigar ƙanen mijina.

“Mugun fata kunka zo yi mini? Bai ishe ku ba sai kun haɗa da ɗana?”

“Ɗana, wallahi alheri na—”

“Ni ba ɗanka ba ne!”

Goro ya watse a ƙasa. Samarin sun fara ɗaukar duwatsu. Na san in dutse guda ya tashi, kafin azahar 'yan tasha sun iso, kuma sunana ne zai zauna bisa abin da duk ya faru. Na kutsa tsakaninsu na ware hannuwa.

Sai ƙawata ta fito daga zaure. Jaririn na ƙirjinta cikin zane, mai jego na bayanta riƙe da gefen zanen. Ta dubi amalanke. Ta dubi ɗanta da hannunshi a wuyan dattijo. Sannan ta dube ni, ƙafa babu takalmi, ɗankwali ya zame, ina haki kamar tsohuwar jaka. Mun daɗe muna kallon juna, ko kuwa ni na ga ya daɗe.

“Kukan mi ake yi mini a gida?” in ji ta. “Wa ya mutu? Ga shi nan yana barci. Ni na aika a kawo su. Da bakina na aika tun jiya. Jama'a za ta yi yawa, ina so a kafa murhu da wuri. Kai kuma saki rigar mutane, sa'an ubanka ne.”

Babu wanda bai san ba ta aika ba. Amma babu wanda ke son tukwanen nan su shiga gidan a matsayin waɗanda ba a kira ba. Wata tsohuwa ta ce, “Ai to, ashe aike ne,” ta rangaɗa guɗa. Masu kuka sunka shiga share ido suna dariyar kunya. Samari sunka zubar da duwatsu, su ɗin dai sunka kama tukwanen sunka shigar. Ƙanen mijina ya tsince goronshi ya ja jaki ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Ta kira ni ɗakinta. Ta miƙa jaririn ga uwarshi, ta saki labule. Ta zubo mini ruwa na sha.

“Ba don ke na yi ba,” in ji ta. “Don yaron na yi.”

“Na sani. Allah ya raya shi.”

“Amin. To ki ji. Ranar suna, gaban mata, ki ce kina tare da ɗana. Kalma guda. Sun yi shela da sunanki can, a yi nan, magana ta mutu.”

Ba zan ɓoye muku ba, na so in ce to. Ga ta zaune kusa da ni kamar da, ƙafarta na taɓa tawa. Yanzun nan ta yi ƙarya gaban unguwa ta fid da ni. Kalma guda ce ta nema.

Na ce, “Ƙawa, can ƙarya anka yi mini. In na faɗa nan, ni na yi da bakina. Kuma matan nan da ke kallona, su bi ni su zaɓa don na biya ki abin da kinka yi mini yau? Zan tsaya gaban kowa in ce ba ni tare da tasha. Amma zan ƙara da cewa ba ni tare da kowa.”

“Har ni?”

“Ke ba ki tsaya takara ba.”

Ba ta yi dariya ba. Ta kau da kai, ta shiga gyaran shimfiɗar da ba ta ɓaci ba. Na tashi. A bakin ƙofa ta tura mini wasu tsofaffin silifa da ƙafa, ba ta dube ni ba. Na sa na tafi gida ban san ko ina da ƙawa ko ba ni da ita ba. Tukwanena na gidanta, amma ni ba a ce in zo ba, ba a ce kada in zo ba.

Ranar suna na tashi na yi shiri na tafi. Na ce in an kore ni, a kore ni gaban murhuna. Babu wanda ya tare ni. Na ɗaura zane a ƙugu na kama muciya. An yanka rago, an raɗa wa yaro suna, mata sun cika gida, rabinsu cikin zanen rumfar kasuwa. Ƙawata na shige da fice, ba ta zo wajen murhu ba.

Tuwo ya fara kauri sai ga maroƙi ya shigo tsakar gida. Shi ne dai, na tasha. Yau kuma nan ya kwana. Ya yi wa mai jego kirari, ya yi wa kakanni, sai idonshi ya faɗa kan babbar tukunya. Na ga ya dubi uban jaririn da ke tsaye bakin zaure, na ga uban ya ɗaga mishi kai. Ya cika ƙirji da iska.

“Jama'a ku dubi murhu! Mai baƙin kunne ta gane gida! Inna mai tukwane ta dawo—”

Muciya ta tsaya a hannuna. Na buɗe baki zan yi magana, na san kuma in na yi, na kunyata gidan a ranar sunansu.

“Kai!” Muryar ƙawata ce daga ƙofar ɗaki. “Kai mai bakin haya! Yaro anka haifa, shi za ka yi wa. Ka ambaci ubanshi, ka ambaci kakanninshi har Takanamat. Tukunya tuwo take dafawa, ba ta da katin zaɓe. Mai ita kuma ba ta bin kowa, na faɗa da, na sake faɗi. Ka ƙara ambatonta ka fita ba ko ƙashi.”

Mata sunka fashe da dariya. Maroƙi ya juya harshe nan take, ya koma kan mutanen Takanamat da shanunsu. Uban jaririn ya juya ya fita. Ita kuwa ta ratso ta zo wajen murhu, ta leƙa tukunya, ta ce tuwon ya yi gudaji, tsufa ya fara cin hannuna. Na ce ta zo ta tuƙa in ta isa. Ta karɓi mara ta zauna gefena, ina kwashewa tana mulmulawa, har munka sallami akushi na ƙarshe.

Zaɓe ya zo ya wuce. Na shiga bayan labule na dangwala inda na ga dama, wanda Allah ya ba ya hau. Rumfunan duka biyu anka kwance su, masu su kuwa kowane ya tafi da zaton na cuce shi. Yaron ya rayu, yanzu har aikenshi ake yi. Ni da kakarshi muna nan, kullum sai mun ga juna. Ubanshi ne dai. Yana gaishe ni, ban ce ba ya gaishe ni ba, amma daga bisa babur yake yi, ba ya sauka.